Tsufa da mutunci a Tumbutun Benin

Sayen albasa ne ya kai ni Malanbil, garin da ke kallon Gaya ta ƙetaren kogin Neja. Gada na rufe a lokacin, tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, don haka da kwale-kwale muka haye. Dillalin da ya sauke ni ya ce kayansa na gida, a Tumbutu. Ba ta Mali ba ce. Wannan ɗaya ce daga gundumomi 5 na ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori, ƙasar Dandawa manoman shinkafa da albasa.

A can na ga abin da har yau yake raina.

Mahaifiyar mai masaukina idonta ya yi rauni, amma ba a jibge ta a ƙuryar ɗaki ba. Tana kan tabarma ƙarƙashin rumfa, tulin albasa a gabanta. Sai ta ɗauko ɗaya, ta latsa wuyanta da babban yatsa, ta shinshina, mai shirin ruɓewa ta jefa gefe. Ba a ɗinke buhu sai ta ce a ɗinke. Da na ƙirga kuɗi, ɗanta ya durƙusa ya ce, “Inna, ga cinikin, a sa albarka.” Ta juya su a tafinta, ta yi addu'a, sannan ta miƙa masa. Da dare kwanonta aka fara zubawa, jikarta ta zare ƙayar kifin tsaf kafin ta ajiye mata. A ɗakinta yarinyar ke kwana.

Wanda ya fi taɓa ni wani dattijon maƙwabci ne da 'ya'yansa suka tafi neman kuɗi Kotonu. Ba ya rasa akushi, yau daga wannan gida, gobe daga wancan. Idan kogi ya cika da damina, in ji mai masaukina, irinsu ake fara kwashewa zuwa tudu. Ranar da ba a gan shi a sahun asuba ba, kafin hantsi an aika yaro.

Mutanen nan ba masu kuɗi ba ne, manomi kuma bai san fansho ba. Benin ta rattaba hannu kan yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2016, Nijeriya ma ta yi dokar kafa cibiyar kula da dattawa a 2018. Da kyau. Amma a biranenmu kullum muna wuce sa'o'in kakanninmu a bakin danja da ƙoƙon bara, mu ɗaga gilashin mota.

Masu unguwanni da limamanmu, ku san kowane tsohon da ke kwana shi kaɗai a unguwarku, ku raba wa gidaje ciyar da shi da duba lafiyarsa. Wannan ba sai an jira gwamnati ba.