Shekara shida ina yawo da omeprazole a aljihu

Jiya a majalisarmu bayan isha'i wani abokinmu ya dafe ƙirji ya ce olsa ta motsa. Kafin ya rufe baki mutum uku sun zaro katin omeprazole daga aljihu, sai ka ce goro ake rabo. Muka yi dariya, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, don ni ma haka na yi shekara shida.

Tawa ta fara ne da zafi a saman cibiya, musamman wajen ƙarfe biyu na dare. In na ci wani abu ya lafa. Mai kemis ɗin layinmu ya ce olsa ce, ya ba ni kafso, ya ce ɗaya kullum. Wallahi kwana uku kacal na ji kamar an zare mini ƙaya. Sai na daina sha. Bayan wata uku ko huɗu ciwon ya dawo, na koma na sayo. A haka muka yi ta zagaye. Na bar yaji, na bar tsami, na bar ɗanwake da nake mutuwar so, Hajiya kuma kullum faɗanta ɗaya: "Kai ba ka cin abinci a kan lokaci, shi ya sa."

Kada a fahimce ni a baibai, maganin nan yana aiki. Ba irin ruwan farin magani ba ne ko kanwa da ake jiƙawa, masu kashe kaifin tsamin ciki na ɗan lokaci su wuce. Shi omeprazole toshe famfon da ke fitar da asid ɗin yake yi daga bangon tumbi, shi ya sa ake son a sha shi kamar minti 30 kafin karin kumallo. In asid ya ragu, gyambon yana samun sararin warkewa. Na bakin ƙaramin hanji yakan rufe cikin mako 4 ga mafi yawan mutane, na cikin tumbi yakan kai mako 8. Tun 1988 da ya fito a Turai, da cimetidine da ya riga shi a 1976, tiyatar yanke tumbi saboda olsa ta ragu sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ita ce me ya huda cikin tun farko. Ni sai da wata likita a asibitin gwamnati ta tambaye ni, "Malam, an taɓa yi maka gwajin H. pylori?" Ban ma taɓa jin sunan ba. Ƙwayar cuta ce da ke zama a bangon tumbi, yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, kuma ta yi yawa a ƙasashenmu. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. Aka ƙi yarda da su, don kowa ya ɗauka ba abin da zai rayu a cikin asid. Marshall ya gaji da musu, a 1984 ya ɗaga ruwan ƙwayar ya shanye, ciki ya ɗauka, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ka ji mutum mai taurin kai na alheri.

To ga lissafin da likitar ta yi mini. In ka warkar da gyambon da maganin asid kaɗai ka bar ƙwayar, fiye da rabin mutane zai dawo musu cikin shekara. In aka kashe ta, kaɗan ne yake dawo wa. Ta sa na bar omeprazole na mako 2 kafin gwajin bahaya, don maganin yana ɓoye ƙwayar gwaji ya fito ba komai. Makonni biyun nan na ji jiki. Gwaji ya nuna ina da ita. Aka haɗa mini omeprazole ɗin dai, da amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma, kwana 14. Bakina ya yi ta ɗaci kamar na tsotsi ƙusa, a kwana na biyar saura kaɗan in watsar. Kuɗin ma ya cije ni, kun san yadda magani ya koma tun 2023 da naira ta faɗi. Amma da na haɗa abin da na kashe a shekara shida, ya ninka shi. Bayan wata guda aka sake gwaji, babu ita. Azumi biyu ke nan na yi ban tashi tsakar dare ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na Hajiya. Ita ma tana shan omeprazole, amma a gefe guda kullum sai ta sha haɗin ciwon gwiwa da ake ƙulla mata a leda. Na kai wa likitar ta duba: diclofenac da piroxicam a ƙulli ɗaya. Su da ibuprofen da asfirin su ne babban dalili na biyu na olsa, kuma ga tsofaffi gyambon kan zubar da jini ba tare da wani ciwon kirki ba. Likitar ta ce in aka ga bahaya baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsayawa a maƙogwaro, kada a tsaya kemis. Maganin asid yana iya danne alamun kansar tumbi har lokaci ya ƙure.

Na karɓe ledar. Hajiya ta yi fushi, ta ce na zama likitan dole, gwiwar kuma wa zai ɗaukar mata? Tambayarta gaskiya ce, paracetamol da man shafawa ba su kai mata inda wancan haɗin yake kaiwa ba. Ranar Laraba za mu koma asibiti a yi mata gwajin jini da na bahaya, ta ce sai dai in na zo da mota, ba za ta hau adaidaita ba.