Katan Biyun da Suka Kusa Ja Mini Sharri

Ni ɗan Ƙofa ne, a ƙaramar hukumar Bebeji. Tun ina sakandare nake jin haushi in na ga an rubuta sunan garinmu "Kofa", babu ƙugiya. Ashe ni ma irin wannan ɓarnar nake yi wa Turanci ban sani ba, sai da na je SIWES a ƙarshen shekarata ta farko.

An tura ni sito a wani kamfani da ke Sharaɗa, a Kano. Wata ranar Alhamis mota ta kawo kaya, muka ƙirga, katan biyu ba su zo ba. Oga ya ce in rubuta a takardar karɓar kaya cewa komai ya iso ban da katan biyu. Ni kuwa na zauna gaban kwamfuta na buga: "All items received accept two cartons." Kwamfuta ba ta ja jan layi ba, don haka na sa hannu hankalina kwance.

Bayan mako guda aka kira ni ofishin akanta. Shi abin da ya fahimta, har katan biyun mun karɓa, don "accept" karɓa ke nan, "except" kuma shi ne ban da. To, in an karɓa, ina suke? Wallahi gumi ya wanke ni. Direba ya ce ai ga takarda da sa hannuna. Allah Ya taimake ni oga ya tuna maganar, ya tsaya mini. Da ya manta fa? Da sunan ɓarawo zan koma gida da shi, a garin da kowa ya san gidanmu.

Da na je hutun ƙarshen mako na ba Baba labari, sai ya yi murmushi ya ce: "Kai da ba ka taɓa rikita baki da baƙi ba?" Maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne, Hausa cike take da irin waɗannan tagwaye: kafa da ƙafa, kare da ƙare, garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Ba ma rikicewa, domin a cikin zance muka koye su. Turanci kuwa da kunne muka kwashe shi, alhali kunnen Bahaushe ba ya saurin raba "p" da "f". Shi ya sa "pull" da "full" suke zame mana abu ɗaya.

Daga ranar na sayi ƙaramin littafi. Duk tagwayen da na ci karo da su, sai in sa kowanne cikin jimlarsa. "Advice" suna ne, shawarar kanta. "Advise" aikatau ne, ba da shawarar, kuma da sautin "z" ake furta shi. "Lose" rasa abu ne, "loose" kuma abin da ya yi sako-sako. "Principal" shugaban makaranta, "principle" ƙa'ida. "Stationery" kayan rubutu ne, ina tuna shi da "e" ɗin "envelope". "Stationary" kuwa abin da ke tsaye cak. Yanzu shafi goma sha ɗaya na cika.

'Yan uwana na ajin ƙarshe, ga firojet a gabanmu, ga takardun neman gurbin IT na shekara guda. Wanda zai karanta takardarka bai san ka ba, bai ga sakamakonka ba tukuna, jimlarka ta farko kawai ya gani. Kada ka dogara da jan layin kwamfuta, ita kalmar da babu kawai take kamawa. Ka duba ƙamus, ka ba abokinka ya karanta maka kafin ka sa hannu. Ni da katan biyu na koyi wannan, kuma na yi sa'a ogana bai da mantuwa.