Bayit 8 da suka hana ni barci kwana 9

1/ Wancan satin na saka hoton ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da nake haɗawa, wanda ake rubuta "idan", "in ba haka ba" da "maimaita" da Hausa. Addu'a ta yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma yabon nan ya ɗan dame ni. Ku gyara zama, zaren da tsawo 🧵

2/ Abin da kuka yaba shi ne mafi sauƙi a aikin gaba ɗaya. Wallahi sauya kalmomin Turanci zuwa na Hausa a yini guda na yi shi, har da zuwa masallaci da cin tuwo a tsakani. Inda na sha wuya ba ya fitowa a hoto.

3/ Bari in fara daga tushe saboda waɗanda ba 'yan kwamfuta ba. Furosesar da ke cikin wayarka ko laftof ɗinka ba ta jin Turanci, ba ta jin Hausa, ba ta jin C. Lambobi kawai take ji: ɗauko wannan, tara da wancan, ajiye can, tsallaka nan. Kwamfaila ita ce tafintar da ke mayar da abin da mutum ya rubuta zuwa waɗannan umarnai.

4/ Tafintar nan tana da gaba, tana da baya. Gaba shi ke karanta rubutunka ya gane nufinka. Baya shi ke zama da injin, ya fitar da umarnin da wannan furosesa takamaimai za ta iya bi. Hausar tawa duk a gaba take. Da an wuce nan, babu sauran "idan". Sai cmp da jne da mov.

5/ Matsala ɗaya Hausa ta ba ni a gaba: haruffa masu ƙugiya. A tsarin UTF-8, harafin k bayit 1 ne, amma ƙ bayit 2 ne, C6 da 99. Ni kuma na rubuta mai karatuna yana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi. Da ya ga "ƙidaya" sai ya shaƙe. Tsakanin Magariba da Isha'i na gyara. Shi ke nan labarin gaba.

6/ Yanzu baya. Wannan furojet ɗina ne na shekarar ƙarshe a nan Katsina. Ranar da na kai wa malamin da ke duba aikina, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce: "Ka tabbata za ka gama kafin difens?" Na ce, "In sha Allahu, Malam." Ya sa hannu. Na fito ina jin kaina kamar wani babba.

7/ Abokina kuwa kai tsaye ya ce min: "Mutumina, ka yi wa wata makaranta shafin intanet na duba sakamako ka huta mana. Wa ya aike ka?" Shi tun aji biyu yake haɗa wa 'yan kasuwa shafuka, yana sayen data da kuɗinsa. Ban da amsar da zan ba shi a lokacin. Har yanzu ma rabin amsa nake da ita.

8/ Abu na farko da baya ya koya min: rajista. Ba ta kiran suna a aji ba 😅 Wasu 'yan ƙananan ma'ajiyai ne a cikin furosesa kanta, inda ake yin lissafi. Laftof ɗina mai tsarin x86-64 tana da guda 16 na aikin yau da kullum. Guda ɗaya, rsp, an riga an ba ta aikin dindindin, ba ka isa ka taɓa ta yadda ka ga dama ba.

9/ Ku ɗauki mai shayi da safe. Kofuna 15 gare shi, mutane 40 suna jira. Ba sai ya sayi kofi 40 ba, don ba duka ke sha lokaci guda ba. Wanda ya gama, a ɗauraye a ba wani. Amma mutum biyu da ke sha a lokaci ɗaya ba za su haɗa kofi ba. In kofuna sun ƙare, sai a juye na wani a fulas a ajiye ƙarƙashin tebur. Wannan ƙarƙashin teburin shi ne memori, kuma sunkuyawa can na cin lokaci.

10/ Raba kofunan nan shi ne babban ciwon kan baya. A 1981 Gregory Chaitin da abokan aikinsa a IBM suka nuna cewa daidai yake da shafa wa zane launi: duk abu biyu da ke raye lokaci guda ka ja layi tsakaninsu, kada su samu launi ɗaya. Dalibai kun san wannan. Shi ne jadawalin jarabawa: kwas biyu da ɗalibi ɗaya ke ɗauka ba za su faɗo awa ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa samun karo a jadawali ya san ba wasa ba ne.

11/ Ni dai na ga wannan ya fi ƙarfina a farko, sai na bi hanyar malalata. Duk sakamakon da na samu, in tura shi kan sitak. Sitak kamar jerin faranti ne: ka ɗora a sama, ka ɗauka daga sama. Kowace turawa bayit 8. In za a tara abu biyu: lissafa na farko, tura, lissafa na biyu, ɗauko na farko, tara. Ba sauri, amma yana aiki.

12/ Ranar da 2 + 3 * 4 ya ba ni 14 daga umarnan da kwamfailata ta fitar da kanta, na yi ihu da ƙarfe 1 na dare. Umma ta leƙo ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Umma, sha huɗu!" Ta ce Allah Ya shirya, ta koma.

13/ Sai na ce bari in rubuta wani abu na gaske da yaren: lissafin CGPA. Aiki ɗaya mai suna "maki" yana karɓar kwas, ya buga makinsa da ɗigo, kamar 4.00, ya dawo da amsa. In na kira shi shi kaɗai, lafiya lau. In na rubuta jimla = jimla + maki(kwas), sai allo ya ce:

Segmentation fault

Iyakar bayanin ke nan.

14/ Ku lura da rainin hankalin. Aiki ɗaya, lambobi ɗaya. Shi kaɗai yana tafiya. A cikin tarawa ya mutu. In na cire ɗigon na buga 4 kawai, ya tashi. In na ƙara wata baka a lissafin, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya mutu. Na fara zargin laftof ɗin, don ta hannu ce Baba ya saya min, batirinta ba ya kai awa 2.

15/ Kwana 9. Lokacin zafi ne kuma, wuta sai an ga dama. Da rana in kai laftof wurin mai caji ta wajen Ƙofar Ƙaura, da dare in zauna a tsakar gida ina bin asambili layi-layi da biro a bayan tsohon handawut. Na sake rubuta ɓangaren tarawa sau 3. Ba shi da laifin komai, bawan Allah.

16/ A cikin kwanakin nan ne Baba ya zauna kusa da ni bayan Isha'i, ya kalli baƙin allon ya ce, "To wannan abin, wa zai saya?" Ba da faɗa ba, tambaya ce ta mutumin da ya ciro kuɗi daga jari ya sayi na'ura. Na ce, "Baba, ba na sayarwa ba ne tukuna." Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Wannan "to" ɗin ta fi Segmentation fault nauyi.

17/ Rana ta 9 na daina taurin kai na koyi gdb yadda ya kamata. Manhaja ce da ke tsayar da shiri a daidai inda ya faɗi. Sai na ga ba a cikin nawa rubutun yake mutuwa ba. A cikin printf ne, aikin buga rubutu na laburaren C da na aro. A kan umarni ɗaya: movaps.

18/ Shi movaps yana kwashe bayit 16 a tashi ɗaya, amma da sharaɗi: dole adireshin ya rabu da 16 ba saura. In ba haka ba furosesa ta ƙi, Linux ya kashe shirin. A ƙidayar kwamfuta mai tushe 16, irin wannan adireshi da 0 yake ƙarewa. Na duba nawa. Da 8 ya ƙare.

19/ Ashe akwai yarjejeniya. Sunanta System V ABI, ita Linux ke bi a x86-64. Ta ce saƙo na farko a rdi, na biyu a rsi, sai rdx, rcx, r8, r9, amsa a rax. Duk wannan na bi. Amma ta kuma ce kafin ka kira kowane aiki, sitak ya tsaya a kan ninkin 16. Wannan layin na tsallake.

20/ Kun ga yadda abin ya faru? Na tura "jimla" kan sitak, bayit 8, sannan na kira "maki". Sitak ya karkace. Shi kuma printf, sai in an ba shi lamba mai ɗigo yake adana rajistocin xmm da movaps, shi ya sa 4 ke wucewa 4.00 ke mutuwa. Ƙarin baka kuma wani lokaci yana sa turawa ta zama 2, wato 16, sai karkatar ta gyaru da kanta bisa tsautsayi.

21/ Gyaran: in riƙa ƙirga abin da na tura. In adadin mara ne, in rage 8 daga rsp kafin kira, in mayar bayan kira. Layi 3. Na zauna ina kallonsu, ban ma yi murna ba, haushi ne ya fara zuwa.

22/ Daga baya na ga ba ni kaɗai ba ne. Rui Ueyama, wanda ya rubuta ƙaramar kwamfailar C mai suna chibicc, irin wannan ƙirgen yake yi kafin kira. Da na karanta nasa tun farko da na huta. Amma anya da na gane dalili? Ban jin haka.

23/ Abin da ya tsaya min a rai: injin bai yi min ƙarya ko sau ɗaya ba. Ni ne na shiga gidan mutane ban san ƙa'idar gidan ba. Kuma kowane gida da tasa. Windows a kan furosesa iri ɗaya rcx, rdx, r8, r9 yake amfani da su, ya kuma ce ka bar masa bayit 32 fili. Tecno ko Infinix ɗin da ke hannunka ARM ce, mai rajista 31, saƙonni a x0 zuwa x7.

24/ Ma'ana, yaren nawa "na Hausa" ba ya tashi a wayar da yawancin Hausawa ke riƙe da ita. Ko kaɗan. Sai na sake rubuta baya sabo fil domin ARM. To ku faɗa min, wane ne ya fi kusa da mutanenmu: kalmar "idan", ko shirin da zai tashi a wayar dubu 60?

25/ Wannan wahala ce ta sa LLVM ke da daraja. A 2000 aka fara shi a Jami'ar Illinois ta Amurka, Chris Lattner yana ɗalibi, tare da malaminsa Vikram Adve. Dabarar: kowane yare ya fassara zuwa wani yare na tsakiya guda ɗaya, daga nan kowane inji da nasa bayan. Rust da Swift da Clang duk a kansa suke zaune. Furojet ɗin ɗalibi ne fa asalinsa.

26/ Wani zai ce to ka jona LLVM mana ka huta. Gaskiya ne, kuma in don amfanin jama'a ne, haka zan yi wata rana. Amma in na yi haka yanzu, na sake yin abin da muka saba: mu yi fenti a gaba, injin na wasu. Ba na raina masu haɗa shafuka da manhajojin waya, abokina ya fi ni kuɗi kuma aikinsa na amfanar mutane yau. Kawai dai ina ganin a cikin ɗaruruwanmu da ke karanta kwamfuta a Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Zariya, ya kamata a samu ko mutum 10 da in abu ya fashe a can ƙasa za su iya sauka su duba.

27/ Kuma ƙofar ba a rufe take ba. GCC kyauta ne tun 1987. RISC-V, tsarin furosesa da aka fara a Berkeley a 2010, a buɗe yake, ba a biyan lasisi, kuma da QEMU za ka gwada shi ba tare da ka mallaki injin ba. Shafin Compiler Explorer na Matt Godbolt yana buɗewa a waya: rubuta C layi 3 a gefe, ka ga asambilinsa a ɗaya gefen. Datar da bidiyo ɗaya ke ci ta ishe ka sati.

28/ Inda nake yanzu: lissafin CGPA yana tafiya, kuma amsar da ya ba ni daidai ce, abin takaici 😭 Amma har yanzu komai kan sitak nake turawa, mai shayina kofi 2 kawai yake amfani da su, sauran na kife. Na kwatanta da abin da GCC ke fitarwa, kunya ta kama ni.

29/ Saura sati 7 difens. Ga tambayata ga manya: in tsaya a haka in rubuta rahoto mai kyau, ko in gwada raba rajista? In zan gwada, hanyar launi ta Chaitin, ko hanyar bi-da-layi ta Poletto da Sarkar ta 1999 da ta fi sauƙin rubutawa? Zuciyata na kan ta biyun. Malam ya ce kada in taɓa abin da ke aiki.

30/ Sannan duk wanda ya taɓa rubuta asambilin ARM64, ko a Termux ne a waya, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. In kana cikin Katsina ma mu haɗu, shayi da ƙwai a kaina. Ina so kafin in bar makaranta in miƙa wa Baba wayarsa, shirin da yarena ya fitar yana tafiya a ciki, ko da 2 + 3 * 4 ne.