Gwanjon Sojojin Dalma

Maƙwabciyata a birnin Nottingham tsohuwa ce da ta haura shekara 70. Wata huɗu bayan rasuwar mijinta, na'urar ɗumama gidanta ta mutu, ga hunturu ya ƙarato, ga mai gyara ya ce sai dai a sayi sabuwa. Wata ranar Asabar ta ƙwanƙwasa ƙofata ta roƙe ni in taya ta sauko da wasu akwatuna daga ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufi. Akwati 14 muka sauko da su, kowanne da nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Da muka buɗe sai ga ƙananan sojoji na dalma, dubbai, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Wasu an yi musu fenti, wasu farin ƙarfe ne zalla, wasu kuma suna cikin fakitinsu ba a taɓa ɓarewa ba.

Ta ce wani mai sayen tsofaffin kaya ya leƙa ya taya duka fam 400, ya kuma yi alkawarin kwashewa da motarsa. Tana son ta ji ra'ayina, tunda ni ɗan jarida ne, na saba da bincike a intanet. Saura ƙiris in ce ta sallama, domin a idona tarkacen wasan yara ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne zumuɗin mai tayin, wanda ya kira ta sau biyu a wuni ɗaya. Duk wanda ya tashi kusa da kasuwa ya san dillali ba ya zarya a kan kayan banza. Na ce ta ba ni mako ɗaya.

Abu na farko da na gano shi ne manya ke wannan wasa, kuma ya daɗe. A 1824 wani hafsan sojan Prussia mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba sojan dalma mai rami a ciki, sai ya yi arha ya shiga gidaje. A 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin kafsa yaƙi da irin waɗannan sojoji a daɓen ɗaki. A yau a kan tebur ake yi. Mutum biyu su jera rundunoninsu, su auna tafiyar kowace ƙungiya da tef ɗin awo, su jefa ƙwayar lido don sanin wa ya harbi wa.

Garin da nake zaune shi ne cibiyar sana'ar. An kafa Games Workshop a Landan a 1975, sannan a 1979 aka kafa Citadel Miniatures a Newark, kusa da nan, tare da Bryan Ansell, domin ƙera 'yan sojojin. Wasan Warhammer ya fito a 1983, Warhammer 40,000 ya biyo baya a 1987. Hedikwatar kamfanin tana unguwar Lenton a Nottingham, kuma ƙananan kamfanoni masu irin wannan aiki sun yi yawa a kewayen har masu wasan suna yi wa yankin laƙabi da sunan dalma. A Disamban 2024 Games Workshop ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Marigayin ya yi shekara 40 yana sayen kayansa a bakin masaƙa.

Dalili biyu ne suka sa tsofaffin suke tsada. Na farko, an daina yin su. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya bar dalma ya koma wani farin ƙarfe marar dalma, daga baya ya karkata ga roba, siffofin dā kuma suka fita daga kasuwa. Na biyu, yaran da suka riƙa leƙen waɗannan kaya ta gilashin kanti a 1987 ba su da kuɗin saye, yanzu sun haura 50, suna da albashi, suna neman abin da ya kuɓuce musu. Har suna da sunan da suke kiran harkarsu da shi, Oldhammer. Mai sayen tsohon soja ƙuruciyarsa yake biya, shi ya sa farashin ba ya bin nauyin ƙarfe ko kyan aiki kaɗai.

Na koma na shaida mata cewa fam 400 ba kuɗin kayan ba ne, amma sayar da su ɗaya bayan ɗaya zai ci watanni. Ta ce za ta lallaɓa da ƙaramin hita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa tun kafin in ga lada na riga na ɗauki askar. Daga ranar, duk daren da sanyi ya tsananta, sai in tuna cewa da bakina na hana ta kuɗin hannu.

Aikin ya fi kama da tantance labari fiye da kasuwanci. Yawancin sojojin Citadel na tsakiyar shekarun 1980 zuwa gaba suna da wani ɗan harshe na ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa, wanda ake cusawa a gindin roba, kuma sau da yawa a jikinsa ake buga shekara da suna. Da gilashin ƙara girma nake karantawa, sannan in nemi siffar a tsofaffin kundayen kamfanin da masu sha'awa suka ɗora a intanet. Bayan nan sai farashi. Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne kada in kula da kuɗin da masu kaya suke nema a eBay, in duba jerin abin da aka riga aka sayar. Kowa yana iya sa wa akuyarsa kuɗin sa, ciniki da ya faɗa shi ne shaida.

Akwai cututtuka biyu da mai saye yake tsoro. Ɗaya ruɓewar dalma ce: in an ajiye soja a wuri mai laima, musamman cikin akwatin katako mai fitar da tsami, sai farin gari ya fara tsiro a jikinsa yana cin ƙarfen. Ɗayar kuma jabu ce. Wasu sukan ɗauki soja na asali su yi masa sabon mazubi su zuba kwafi. Ana gane shi da layin zubi biyu maimakon ɗaya, da dushewar ƙananan zane kamar idanu da maɓallai, da ɗan ƙanƙancewa. Na tarar da ruɓa a akwati guda, na kuma ware soja 9 da ban yarda da su ba. Duk na rubuta a bayanin kaya, na ɗauki hoton aibin kusa da kusa. Abin da ya ba ni dariya shi ne fenti. Soja marar fenti ya fi wanda aka yi wa mummunan fenti daraja, kuma abin da mutanen nan suke jiƙa shi a ciki don fentin ya saki shi ne Dettol, wannan dai mai ruwan ƙasa da iyayenmu suke ɗigawa a ruwan wanka.

Shi kansa gwanjon na eBay, dandalin da Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ya bambanta da wanda muka sani. A namu mai shela yana ci gaba har sai tayi ya ƙare. A nan agogo ne yake rufe ciniki: kwana 7 ko 10, daƙiƙar da aka sa tana cika an gama. Mai saye yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya a asirce, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan kaɗan gwargwadon tayin abokan takara, wanda ya yi nasara kuma ya biya ɗan abin da ya ɗara tayin na biyu. Saboda haka gwanaye ba sa nuna kansu da wuri. Kayana na farko, wasu dodanni 5 na 1987, sun yi kwana 6 a kan fam 12. Na kwana ina lissafin yadda zan fuskanci tsohuwa. Daren Lahadi, cikin daƙiƙa 10 na ƙarshe, farashin ya yi tsalle sau huɗu ya tsaya a fam 118. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ba kullum ake dacewa ba. A mako na biyar na sa wata runduna da na ƙiyasta za ta kai fam 90, mutum ɗaya tak ya taya. Wani abokina ya ce abin mai sauƙi ne: zai shiga da nasa asusun ya yi ta ƙara tayi har ya tura mutumin kusa da iyakarsa, sannan ya janye jiki. Ya ce kuɗin ba aljihuna za su shiga ba, na gwauruwa ce mai jin sanyi. Hujjar ta kama ni, har na tura masa adireshin shafin. Sai na tuna karatun zaure. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa zai ƙara, amma sun haramta najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya ruɗi wani. Dokokin eBay ma sun hana, haka dokar Birtaniya. Na kira shi na ce ya bari. Rundunar ta tafi a fam 31. Na je na faɗa wa maƙwabciyata asarar da kuma abin da na ƙi yi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mijinta ya sha zargin an yi masa irin wannan, kuma yakan wuni yana faɗa. Ba ta ce na kyauta ba, ban kuma tambaye ta ba.

Akwati na 13 ne ya tsayar da ni. Babu dodanni a ciki. Mutane ne baƙaƙe da rawuna, sanye da fararen jibbobi masu faci kala kala, riƙe da masu da takubba da tutoci. Ansaru ne, mabiya Mahadin Sudan, a gefe guda kuma ga sojojin Birtaniya da na Masar da bindigoginsu masu ruwa. Yaƙin Sudan yana cikin waɗanda masu wasan tarihi a Ingila suka fi so. A Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Kitchener ta kashe Ansaru kimanin 10,000 cikin safiya ɗaya, nata mamatan ba su kai 50 ba. Shekara 5 bayan haka, a Yulin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi yana kan hanyar hijira zuwa gabas, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda zuriyarsu take har yau. Na ɗauki ɗaya daga cikin 'yan sojojin na juya shi a tafin hannuna. Marigayin ya zana kowane faci da hannunsa, bai yi ha'inci a ko ɗaya ba.

Na daɗe ina tunanin ko in mayar mata da wannan akwati in ce ta nemi wani. Amma kayan nata ne, buƙatar tata ce, kuma na riga na karɓi amana. Abin da yake hannuna shi ne rubutun talla. A kasuwar, sunayen da sojojin mulkin mallaka suka laƙaba wa mutanen nan su ne masu saye suka fi bugawa wajen nema, kuma an ba ni shawarar in sa su a kanun talla. Na rubuta Ansaru da Mahadiyya da shekarar 1898, na tsaya a nan. Wani malamin makaranta mai ritaya ne ya saye su, ya aiko da saƙo yana tambayar ma'anar rubutun da ke kan tutocin. Na duba da gilashina, na ga marigayin ya kwaikwayi siffar baƙaƙen Larabci ne kawai ba tare da ya san su ba, na faɗa masa haka.

Mahaifiyata ta kira daga Zariya ana cikin wannan hidima, ta tambayi abin da ya hana ni kiranta mako biyu. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Kai yaron nan, gumaka ka koma sayarwa a Turai?" Na ce, "Hajiya, sojojin wasa ne, na maƙwabciyata ne da mijinta ya rasu." Ta ce, "To, ka dai riƙe mata amana, kuma kada ka jera mini su a ɗakin da kake salla."

Cikin wata huɗu na yi gwanjo 86. Kunshi biyu sun isa a karye saboda ban naɗe su da kyau ba, na mayar da kuɗin. Bayan an cire kuɗin aikawa, abin da ya shiga asusunta ya ɗan haura fam 3,000. An sa sabuwar na'urar a tsakiyar Fabrairu, wato ta ci mafi yawan hunturun da ƙaramin hita da barguna biyu. Har yanzu ban tabbata ko da na rage farashi na sayar da sauri da ya fi mata ba.

Ta matsa sai na karɓi la'ada. Na ce in dai dole ne, ta bar mini soja ɗaya da na riga na ware kafin in sa akwati na 13 a kasuwa, wani mai tuta da facin jibbarsa shuɗi da ja. Ta ce in ɗauka. Yana cikin kwalin ashana a aljihun teburina, an naɗe shi da auduga, nesa da laima da katako.