Ƙwaryar da Ibn Baɗuɗa Ya Raina

A shekarar 1352 matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya isa Walata, a bakin daular Mali, aka gayyace shi liyafa. Abin da aka ajiye a gabansa shi ne dakakken gero da zuma da nono a cikin ƙwarya. Ransa ya ɓaci, har ya yi da-na-sanin zuwa. Daga baya Mansa Sulaiman ya aiko masa da kyautar sauka. Ya zaci tufafi ne da dukiya, sai ga gurasa uku da soyayyen naman sa da ƙwaryar nono. Dariya ya yi.

Malamin ya tsaya ga abin da ke cikin ƙwarya, alhali a wannan yanki girman liyafa yana ga hannun da ya aiko ta, da wanda aka fara ajiye wa. Mai son ganin wannan ƙa'ida da ranta a yau, ya halarci suna ko ɗaurin aure a Zongo Lane ko Nima ko Maamobi, unguwannin Hausawan Accra.

Can tabarma ce teburi. Maza na gefe, mata na cikin gida. Yaro zai fara zagayawa da buta a wanke hannu, sannan a durƙusa a ajiye wa liman da dattawa nasu, rufe da faifai ko murfi. Ba a miƙa wa babba abinci a tsaye. Ko tuwon zafi ne, ko wake da shinkafa, wanda mutanen Ghana suka ara suka ce waakye, da hannun dama ake ci, kowa daga gabansa. Ƙarami yakan dafe kwanon da hagu don kada ya motsa, kuma ba ya taɓa nama sai babba ya raba. Goro ne ke rufe zama.

Ɗalibin Hausa ya lura da kalmomin: akushi na tuwo ne, ƙwarya ta fura, ludayi abokinta, malmala kuwa curin tuwon ce. Akushin itace ya daɗe da barin wuri ga kwanon sango da kula. Yanzu kuma a bukukuwa da yawa robar ɗauki-ka-tafi ake rabawa, kowa da tasa, liman da almajiri iri ɗaya. Ta fi sauƙi, babu shakka, sai dai yaron da ya tashi da ita bai taɓa jiran babba ya raba nama ba.