Ashe Kwalta Ma Tana Ado!

Jama'a, ni dai tun tasowata baƙa na san kwalta, mai tururi da rana, mai manne wa takalmi. Sai da na ziyarci kawuna a wani ƙauye kusa da Nottingham a Ingila, na ga hanyar da ta taso daga titi har bakin garejinsa. Launin zuma! Tsakuwa ce zalla, shimfiɗe, tana walƙiya. Na sa ƙafa na shure ta, ko gezau. Na durƙusa na sa farce, ta ƙi ɓamɓaruwa.

"Kawu, wannan kuma da me aka liƙe ta?"

Ya yi dariya. "Kwalta ce, ɗan nan, tana ƙasa. In kana son gani da idonka, maƙwabcina zai yi tasa."

Ai kuwa ranar aikin ban ko tsaya karyawa ba. Sun riga sun zuba dakakken dutse sun danne shi da rola har ya yi tauri. Sai ga tanka ta shigo da baya tana fesa narkakkiyar kwalta mai zafi, siririya, baƙa wuluk. Kafin ka ce kwabo, masu tsakuwa sun bi bayanta suna watsawa, domin in ta huce ba za ta kama ba. Rola ta hau, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kowace ƙwaya ta nutse a kwalta, kanta kawai a waje. Suka sake fesawa, suka sake watsa tsakuwa, wannan karon ƙanana, masu milimita 6, don su cike tsakanin masu milimita 10 na ƙasa. Kafin la'asar baƙin ya ɓace ɓat. Hanya ta fito ja, domin maigidan jan dutse ya zaɓa don ya dace da bulon gidansa.

Abin da ya kama ni ke nan. A kwaltar manyan tituna, tun a masana'anta ake cakuɗa dutse da kwalta, kowace ƙwaya ta yi baƙi, ba ka da zaɓi. A nan kuwa kwalta manni ce kawai, dutse ne ke fuskantar ido. Kana son ja, ko fari, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, duk naka ne. Nan take na tuna daɓen iyayenmu mata: a zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, a bi da madaɓi har ƙasa ta yi sumul.

Kuma ashe a bakin mahaifar sana'ar nake tsaye! John McAdam, mutumin Sikotilan, shi ya yaɗa gina hanya da dakakken dutse wajen 1820, amma ƙura da sassautawa suka dame ta da motoci suka zo. A 1901 wani injiniyan gundumar Nottinghamshire, Edgar Hooley, ya bi ta Denby ya tarar gangar kwalta ta zube a hanya, an rufe ta da tarkacen masana'antar ƙarfe, wurin ya yi tauri, ba ƙura. A 1902 ya yi wa dabararsa rajista, kuma titin Radcliffe na Nottingham ne ya fara samun shimfiɗa irin tasa. Kwaltar wancan zamani daga gawayin ƙasa ake samunta, ta yau kuwa daga ɗanyen mai.

Na tsare kawu da tambayoyi. Kuɗi fa? Ba ta kai shimfiɗar kwalta ko kankare tsada ba. Santsi? Taya na kama ta ko da ruwa, saboda kaushinta. Ƙarko? Shekara 7 zuwa 10, sannan a fesa sabuwa a kan tsohuwar, ba sai an fasa komai ba. Aibinta ma bai ɓoye mini ba. Makonnin farko sai ka yi ta sharar tsakuwar da ba ta kama ba. Ba a yin ta da ruwa ko sanyi, shi ya sa a Ingila sai lokacin zafi. In kwaltar ta yi yawa, rana za ta fito da ita sama ta ɓata adon. In kuma tushe bai dannu ba, ciyawa da ramuka na nan tafe.

Abin mamakin, mun san aikin nan sarai! Shi ne ake yi a hanyoyinmu na karkara, feshin kwalta da watsa tsakuwa, wanda muke rainawa mu ce ba kwalta ta gaske ba ce. Muna da dogon rani da aikin ke so, muna da duwatsu, muna da leburorin da suka iya. Abin da ya rage, maigida ya zaɓi launin dutsensa, ya kuma tsaya a kan mai rola har tushe ya dannu.