A Taba, Kowa Ɗan Gayen Wani Ne

Ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara ƙasar rake ce. Da hunturu, in ka bar Zariya ka yi arewa, shi za ka yi ta gani: a jingine dami-dami a bakin titi, a ɗaure bayan babur har ya fi direban tsawo, a lode kan manyan motoci masu nufar Kano da kudu. Bayan rake sai tumatir da tattasai da albasa a fadamu, masara da dawa a tudu. A 'yan shekarun nan kuma inabi ya shigo, har Kudan ta yi suna da shi a faɗin Najeriya. Taba na cikin wannan ƙaramar hukuma ta Kudan, wadda hedikwatarta ke Hunkuyi, a masarautar Zazzau. Gari ne na manoma, gidajen ƙasa da na bulo a gauraye, rumbuna na leƙowa ta saman katanga, rediyo na magana a kusan kowace majalisa.

Ɗaurin aure ya kai ni, shi ya sa na ga garin cikin kwalliyarsa. Amma tun kafin a kai ga raba goro, a teburin mai shayi da sassafe, na fara jin kalmar da ta bi ni har na bar garin. Ɗan acaɓan da ya sauke ni ya juya babur ɗinsa ya tafi, an aske masa gefe da gefe an bar tsakiya, ya ɗaura wa Boxer ɗinsa ƙananan fitilu masu launi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya bi shi da kallo ya ce, "'Yan gaye ke nan." Ba a jima ba wani saurayi ya wuce da tabarau da jakar goyo, an ce ɗalibi ne a kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Shi ma aka ce ɗan gaye. Na uku shi ya ba ni dariya. Magidanci ne da ya haura arba'in, ya zauna ya ce a haɗa masa shayi ba sukari, saboda likita ya hana shi. Mai shayi ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa ya ce, "To fa! Kawu an zama ɗan gaye."

Mutum uku, babu abin da ya haɗa su, suna ɗaya. Wanda ya san kalmar a inda ta fi zama daidai ya san ba haka take da faɗi ba. Ɗan gaye shi ne saurayin da ya damu da shigarsa: ya san telan da ya iya wuyan riga, ya san turaren da ake yayi, takalminsa ba ya kwana da ƙura, tafiyarsa ma da salo. In aka ce wane ya ci gayu ranar Sallah, yabo ne. In uwa ta ce 'yarta 'yar gayu ce, tana nufin tsafta da iya ɗaurin kallabi da iya jera ɗaki. Wannan ma'anar tana nan ba ta mutu ba, na ji ta a bakin mata a gidan biki. Sai dai a majalisar maza kalmar ta zama kamar bokitin gidan haya: wannan ya yi wanka da shi, wancan ya yi wanki, wani ya ba akuya ruwa. Mai sabon aski ɗan gaye, mai karatun boko ɗan gaye, wanda ya ƙi cin tuwo da dare ɗan gaye, wanda ya sa hular kwano don tsoron haɗari ɗan gaye.

Na leƙa shagon aski. Ɗaki ne ɗan ƙarami, kujera ɗaya mai juyawa da benci, madubi ya tsage ta kusurwa an liƙe shi da salatif. A rufi akwai farantin sola, shi ke ba injin aski wuta, shi ke cajin wayoyin da aka jera kan katako, kowace da lambarta a ɗan guntun kwali. A bango an manna takardar nan mai hotunan kawuna iri-iri, wadda rana ta cinye launinta. Samarin da ke jiran layi ba sa kallon takardar, a waya suke nuna wa mai aski abin da suke so, yawanci kan wani ɗan ƙwallo ne ko mawaƙi. Tun wajen 2012, lokacin da ɗan ƙwallon nan Mario Balotelli ke tashe, sunansa ya manne wa askin tsakiya a ƙasar Hausa, har yau wasu dattawa duk askin da ba su gane ba Balotelli suke ce masa, alhali yaran sun daɗe da wuce wurin.

Na tambayi wanda ke kan kujera ko shi ɗan gaye ne. Ya dube ni ta madubi. "Haba Malam, ni? Je ka Zariya ka ga 'yan gaye. Mu nan wahala kawai muke sha." Abokinsa ya ce ai in sun shiga Zariya da wannan askin da wannan wandon, yaran Sabon Gari da Samaru 'yan ƙauye suke kiransu. Ko shakka babu, na Zariya ma in ya je Kaduna akwai mai yi masa kallon ƙauyanci, na Kaduna kuma Abuja na jiransa. Ban samu mutum ɗaya a Taba da ya amsa sunan da bakinsa ba. Kowa da wanda yake nunawa.

Da la'asar aka kai ni inda ake dafa mazarƙwaila, a gefen wata gonar rake. Tun daga nesa ƙamshin ke tarbar mutum, zaƙi da ƙauri a haɗe. Inji na gurnani, mutum biyu na tura masa sandunan rake, ruwan na gangarowa kore-kore cikin mazubi. Ana juye shi a faffaɗan kaskon ƙarfe da ke kan murhun rami, ɓawon raken da aka matse aka shanya shi ne makamashin. Wani tsoho na tsaye da doguwar ludayi yana kwashe kumfa, idonsa bai bar kaskon ba ko da muka yi sallama. Shi ya san lokacin da ruwan ya yi kauri daidai. In aka yi gaggawa ba zai daskare ba, in aka yi jinkiri ya ƙone, aikin yini ya tafi. Da ya yi alama, sai a sauke, a yi ta juyawa, a zuba a ƙananan kwanoni a jera su su huce.

Wanda ke cusa ɓawon rake a wuta, ba riga, toka ta rufe masa gira, ɗan acaɓan nan ne na safe mai askin tsakiya. Gonar ta mahaifinsa ce. Da safe babur, da yamma murhu, da damina fartanya. Na ga tafin hannunsa lokacin da ya miƙo mini ɓallin mazarƙwaila mai ɗumi, kuma ba hannun mai zaman banza ba ne. Dattijon teburin shayi ya san haka sarai, don garinsu ɗaya. Askin kawai ya gani ya yi magana.

Ita kanta mazarƙwailar da yau ake ɗauka gadon kaka da kakanni, akwai lokacin da baƙuwa ce a wannan yanki. A shekarun 1910 ne 'yan mishan na CMS, waɗanda Likita Mila ke jagoranta a Zariya, suka kafa zango a Gimi ta ƙasar Maƙarfi, kuma ana danganta yaɗuwar matse rake da injin da dabba ke juyawa da wannan zango. Manoma suka ga amfanin abin suka karɓe shi, ya zama nasu. Ina ganin wanda ya fara ɗaura doki a jikin inji a garinsu bai tsira daga bakin majalisa ba. Haka inabi a yanzu. Shuka ce mai son hidima: a kafa turaku, a ja waya, a datse rassa a kan lokaci, a yi feshi, a yi faɗa da tsuntsaye in ya fara nuna. An gaya mini da farko noman 'yan gaye wasu ke ce masa, don ba ya cika rumbu. Da aka ga masu saye na zuwa har gona, sai maganar ta ragu.

Hular da ke kan dattijon teburin shayin nan ma, Zanna Bukar ce, mai sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko. A zamaninta ta 'yan birni ce da ma'aikata. Agogon hannu, keke Rali, rediyo mai batir, tabarau baƙi, wando fantalo na shekarun 1970, duk sun yi zamaninsu a hannun samari kafin su tsufa tare da masu su. Kuma ba yau aka fara rufe mutane da suna ɗaya ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, abokan hamayyarta 'yan iska suke kiran magoya bayanta, alhali a cikinsu akwai malamai da teloli da 'yan kasuwa masu iyali. Ɗan boko ma ya daɗe yana ɗaukar zagi kafin kowa ya fara neman a sa ɗansa a makaranta.

Turawa na da tasu irin wannan. A Amurka, a shekarun 1940, masu bin kiɗan jaz da salon maganar mawaƙansa baƙar fata ake kira hifsta, har marubuci Norman Mailer ya yi dogon sharhi a kansu a 1957. Kalmar ta kwanta, sai ta farfaɗo wajen shekarar 2000 a unguwar Buruklin ta birnin Niyok, aka liƙa ta ga samari masu barin gemu, masu tabarau mai kaurin baki, masu tsohon keke da tsofaffin kaya, masu gudun abincin kamfani suna neman na gona. Cikin 'yan shekaru ta bazu har duk wanda ya sha kofi mai tsada ko ya saurari waƙar da maƙwabcinsa bai sani ba ya zama hifsta, kuma can ma da wuya ka samu mai amsa sunan. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne jerin kayan nasu. Gemu, tsohon keke, sukarin da ba a tace ba, tumatir daga gona kai tsaye. Da za a ɗauki tsohon nan mai kwashe kumfa a ajiye shi a Buruklin da kekensa da mazarƙwailarsa, shi zai zama shugaban 'yan gayen unguwa. Jikansa kuwa, da ke Taba yana neman lemon kwalba da taliyar leda, gudun abin da su suke biya da tsada yake yi.

A wurin shayi abin raha ne. Inda ya daina zama raha shi ne wajen neman aure. A nan, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, in saurayi ya turo magabata sai dangin yarinya su yi bincike, kuma binciken a majalisa ake yinsa da ƙofar masallaci. Wata dattijuwa a gidan bikin ta ba ni labarin jikanta da aka hana shi wata yarinya a wani gari kusa, saboda wanda aka tambaya ya ce, "Yaron dai ba laifi, amma ɗan gaye ne." Ba a ce yana shaye-shaye ba, ba a ce ba ya salla ba, ba a ce ba shi da sana'a ba. Uban yarinya ya ji kalmar ya cika sauran da kansa. "Ɗan nan," in ji ta, "wallahi ko sigari bai taɓa sha ba. Guga kawai yake so."

A ganina nan ne ɓarnar take. Ƙwaya da sauran kayan maye sun shiga ƙauyuka, iyaye na da dalilin tsoro, ba wanda zai ce ba su da shi. Amma in suna ɗaya ya rufe mai shan ƙwaya da mai son guga, uban yarinya bai samu labarin da ya fita nema ba. Yana iya korar mai sana'a saboda wandonsa, ya karɓi wanda ya iya sa babbar riga ranar gaisuwa. A Kano an sha jin labarin 'yan Hisba na tare samari suna aske musu kai saboda salon aski, kamar a gashi halin yake.

Shagon da ya fi kowane cika a jajibirin ɗaurin auren na tela ne. Kekuna biyu, dutsen guga na gawayi, yadi da shadda a rataye a igiya kowanne da sunan mai shi a rubuce da alli. Telan saurayi ne, ya yi koyo a Zariya, shi ma yana cikin waɗanda ake nunawa. Ya ce shekarun baya dattawa ba sa kawo masa ɗinki, sun ce yana tsuke wando. Yanzu 'ya'yansu ke kawo yadin, da saƙo.

Ina zaune wani Alhaji ya shigo da kansa karɓar kayansa. Ya ɗaga wandon ya duba, ya juya shi, ya ɗan yi shiru.

"Kai yaro, ƙafar nan ba ta yi faɗi ba?"

"Yadda kuka saba ne, Baba."

"Rage ta. Kaɗan dai, kar ka mai da ni irinku."

Telan ya sa tef ya auna, ya ja layi da alli, ya ce a turo yaro bayan isha'i.